Wane Filaiwud Ya Dace da Gwafar Danƙo? Tambayoyi da Amsoshi

Gwafar danƙo abu ce da ake miƙawa a gaban fuska, a ja roba har ta kai gefen kunci. Duk abin da ya ɓalle daga jikinta hanya ɗaya gare shi: ya biyo robar ya dawo inda ido yake. Saboda haka zaɓen katakon da za a yanke ta da shi ya wuce maganar ado. Ga tambayoyin da masu wannan aikin hannu suka fi yi, musamman sababbin shiga.

Me ya sa ake cewa filaiwud ya fi katakon zalla, alhali katakon zalla ya fi shi kyau da nauyi?

Amsar tana cikin jijiyar itace. Kowane katako yana da jijiyoyi da suka miƙe daga gindin bishiya zuwa sama. Idan ka nemi karya shi a gicciye sai ka sha wahala, amma idan ka bi jijiyar, ɗan bugu kaɗan ya isa ya tsage. Reshen da ya fito da gwafarsa daga bishiya ba shi da wannan matsalar, domin jijiyar ta rabu biyu ta bi kowane ƙaho har ƙarshensa. Shi ya sa gwafar reshe mai kauri, wadda ta bushe da kyau, har gobe babu mai raina ta.

Matsalar tana zuwa ne idan aka zana siffar gwafa a kan shimfiɗaɗɗen katako aka yanke. Jijiyar tana tafiya a miƙe, ƙahonnin kuwa sun karkata hagu da dama. A daidai inda ƙaho ya bar mariƙi, jijiyoyin da ke riƙe da shi gajeru ne ƙwarai, kuma nan ne nauyin ja yake taruwa. Katako mai tsada, mai tauri, mai sheƙi, yana iya tsagewa a wurin nan ba tare da ya yi ƙara ko ya nuna alama ba.

Filaiwud an yi shi ne da siraran fallayen itace da aka liƙa bisa juna, jijiyar wannan ta miƙe, ta na samansa ta gitta, haka har ƙarshe. Idan tsaga ta fara a falle ɗaya, da ta isa na gaba sai ta tarar da jijiya a gicciye ta tsaya. Ko ya zo karyewa ma, yawanci yakan lanƙwashe ya yi ƙara yana zare-zare, ba ya ɓallewa farat ɗaya.

To ke nan kowane filaiwud zai yi?

A'a. Yawancin wanda ake sayarwa don silin, bayan kabad da rufin wucin gadi bai dace ba sam. Fuskarsa sumul, launi mai kyau, amma kyan ɗan maciji ne: fallen saman bai kai rabin milimita ba, a ƙarƙashinsa kuwa fallaye uku ko biyar ne masu kauri na itace mai laushi, cike da ramuka da wuraren da wani falle ya hau kan wani. A jikin kabad wannan ba ya cutar da kowa, tunda allon faɗi gare shi, rami ɗaya ba ya rage masa komai. A ƙahon gwafa mai faɗin santimita 2 kuwa, ramin da ya kai ƙwayar wake yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da ke riƙe da robar.

Don haka idan ka je saye, kada fuska ta ɗauke maka hankali. Juya allon ka dubi gefensa, inda zarto ya bi. A nan za ka ga fallaye nawa ne, ko kaurinsu ɗaya, ko layukan sun miƙe ko suna hawa da sauka, da kuma ko akwai giɓi. Kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan gefen suke fitowa.

Ina yawan jin ana ambaton Baltic Birch. Mene ne shi, kuma me ya sa aka fi son sa?

Filaiwud ne da ake yi da itacen birch zalla, tun daga fuska har tsakiya, a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Baltik: Finlan, Latbiya, Estoniya da kuma Rasha. Kamfanonin da aka sani da shi sun haɗa da UPM mai tambarin WISA, da Koskisen da Metsä Wood a Finlan, da Latvijas Finieris mai tambarin Riga Wood a Latbiya, da Sveza a Rasha. A Jamus da maƙwabtanta ana sayar da irinsa da sunan Multiplex.

Abin da ya bambanta ɗan Baltik shi ne kowane falle nasa kusan milimita 1.4 ne, kuma na waje da na ciki duk kauri ɗaya. Shi ya sa adadin fallayen ke tafiya da kaurin allon: milimita 9 falle 7, milimita 12 falle 9, milimita 15 falle 11, milimita 18 falle 13, milimita 24 falle 17. Kullum adadin mara ne, domin jijiyar fuskokin biyu ta kalli waje ɗaya allon ya zauna ba tare da ya murɗe ba. Fallayen ciki ba gutsattsari ba ne, kuma inda aka samu ƙulli ana cire shi a toshe gurbin da wani itacen, don haka rami a cikinsa abu ne mai wuya, ko da yake ba a rantsewa cewa babu.

Itacen kansa yana da tauri da nauyi matsakaici, kusan kilo 680 a kowane dunƙule mai tsawo, faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya. Yana karɓar magagari da sanfefa ba tare da ya farfashe ba. Sannan idan aka zagaye gefen mariƙi, layukan fallayen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ado kyauta wanda wasu saboda shi kaɗai suke son sa.

Wani abu da zai taimaka wajen gane shi: na gargajiya yakan zo a allo mai murabba'i, milimita 1525 kowane gefe, wato ƙafa 5 da ƙafa 5, saɓanin allon da aka saba gani na 1220 da 2440. Yanzu ana yin sa a dogon allo ma, don haka siffar ba hujja ba ce ita kaɗai.

Wane kauri zan saya?

Milimita 18, wanda wasu masu sayarwa ke kira uku bisa huɗu na inci. Shi ne wanda yawancin masu yin gwafa suka tsaya a kai: yana cika hannu, yana barin wurin zagaye gefe, yana ɗaukar roba mai ƙarfi.

Milimita 15 yana yi wa ƙaramar gwafa mai gajerun ƙahonni. Milimita 12 kuwa ni dai ba na ba sabon shiga shawararsa sai idan robar mai laushi ce ƙwarai, ko kuma za a ƙara masa wani abu a gefe da gefe. Daga 21 zuwa 24 na masu son sassaƙa mariƙin ya bi siffar tafin hannu ne. Ƙarin kaurin bai zama dole ba don ƙarfi.

A tuna cewa lambar da aka rubuta suna ce kawai. Allon da aka kira 18 sau da yawa yana ɗan gaza haka bayan an goge fuskarsa a masana'anta, don haka a auna. Kuma kauri ba ya maye gurbin yawan falle: milimita 15 mai falle 11 ya fi milimita 20 mai falle 5 amana nesa ba kusa ba.

Mene ne ma'anar haruffan nan, B/BB, BB/BB, BB/CP?

Darajar fuska ce: harafin farko na gaba, na biyu na baya. B fuska ce mai tsabta. BB tana da faci masu siffar ƙwai inda aka cire ƙulli aka toshe. CP ta fi yawan faci da ƴan tsage-tsage, C kuwa tana iya zuwa da ƙulli a buɗe. Haruffan ba su faɗi komai game da ciki ba, kuma ga mai yanka abu mai faɗin tafin hannu, biyan kuɗin fuska mai tsabta asara ce. BB/BB ya wadatar. Ka ɗora zanenka yadda faci ba zai faɗa kan ƙaho ko hammatar gwafar ba, wato inda ƙahonnin suka rabu, shi ke nan.

A Amurka ana amfani da wani tsari na A zuwa D. Wanda aka rubuta wa CDX na gini ne: itace mai laushi, fallaye kaɗan masu kauri, ramuka a ciki halal ne a ƙa'idarsa. Ka bar shi ga masu rufin gida.

Gam ɗin da aka liƙa fallayen da shi yana da muhimmanci?

Ƙwarai, domin ƙarfin filaiwud gaba ɗaya ya dogara ne a kan fallayen su zauna tare. Da gam ya saki, abin da ke hannunka tarin siraran itatuwa ne kawai.

Iri biyu aka fi samu. Akwai na fenol, wanda ake gane shi da layi mai duhu, ja-ja zuwa baƙi, tsakanin fallaye. Wannan ba ya jin ruwa ko zafi, kuma shi ake yi wa alamar WBP. Akwai na yuriya, mai layi fari da ba ya fitowa sosai, wanda aka yi don cikin ɗaki. A ma'aunin Turai na EN 314, aji na 1 na busasshen wuri ne, na 2 na wuri mai laima, na 3 na waje. Ɗan Baltik yana zuwa da kowanne, kuma mai murabba'in nan sau da yawa na cikin ɗaki ne.

Gwafa tana shan gumin hannu, tana kwana a aljihu, wani lokaci ruwan sama ya same ta. Don haka mai layi baƙi ya fi. Amma na yuriya mai inganci wanda aka shafe shi da kyau yana shekaru lafiya, muddin ba a bar shi a cikin ruwa ba. Idan ba ka san wanne ne a hannunka ba, yanki ɗan guntu ka dafa shi a tafasasshen ruwa na awa uku ko huɗu, ka bar shi ya bushe, sannan ka sa bakin wuƙa tsakanin fallayen. Na fenol itacen ne zai yage ya bar gam ɗin. Na banza tun a tukunya zai buɗe. Masana'antu ma da tafasawa suke gwadawa, wani gwajin har awa 72.

Na jirgin ruwa fa? Ai an ce shi ne sarki.

Mai kyau ne, amma ba dole ba ne. Filaiwud ɗin da ya cika ma'aunin Birtaniya na BS 1088 yana da gam da ba ya jin ruwa, kuma ba a yarda da giɓi a cikinsa ba, abubuwa biyun da mai gwafa ke nema. Sai dai mafi yawansa da itacen okume na Gabon ake yi, wanda aka zaɓa saboda rashin nauyi. Ya fi birch laushi sosai, ƙwallon ƙarfe ya taɓa shi sai ya lotsa, kuma fallayensa sun fi kauri, don haka ba su kai na ɗan Baltik yawa ba. Na itacen meranti daga Indunisiya da Malesiya ya fi nauyi da tauri, amma yana yawan fitar da sartse wajen yanka.

Idan ka samu ragowarsa a wurin masu ƙera kwalekwale, karɓa da hannu biyu, ka ɗan ƙara faɗin ƙahonnin. Ka dai san cewa tambari abu ne da kowa ke iya bugawa, kuma ana samun allunan da aka rubuta wa BS 1088 waɗanda gefensu ke ƙaryata rubutun.

Ina da MDF a ajiye, mai kauri ne kuma sumul. Zan iya amfani da shi?

Kada ka kuskura. MDF garin itace ne da aka cakuɗa da gam aka matse, ba shi da jijiya ko ɗaya. Yana ɓallewa ne lokaci guda, kuma da ya sha laima sai ya kumbura. Hukuncin ɗaya ne da allon ɓarɓashin katako da ake yin teburan araha da shi, da OSB mai manyan ɓawo, da kuma allon da tsakiyarsa sanduna ne aka jera aka rufe da falle biyu. Wannan na ƙarshen ya fi yaudara, domin daga fuska kamar filaiwud yake, amma idan mahaɗar sanduna biyu ta faɗo a tsawon ƙaho, babu abin da ke riƙe da shi sai siririn fallen waje. MDF yana da amfani ɗaya a nan: a yanka samfurin zane da shi, wanda za a riƙa ɗorawa a kan katakon gaske ana bi da fensir.

Dole sai na sayi allo guda? Gwafa biyu kawai nake so.

Ba dole ba ne, kuma bai kamata ba. Gwafa matsakaiciya tsawonta santimita 12 zuwa 14, faɗinta 8 zuwa 10. Guntu mai santimita 30 kowane gefe yana fitar da huɗu a sake, har shida idan an matsa. Allon ƙafa 5 kuwa zai ba ka sama da ɗari, abin da ba ka da buƙata sai idan sayarwa za ka yi.

Inda ya fi dacewa ka nema shi ne wurin waɗanda ke amfani da filaiwud mai kyau a sana'arsu, domin guntun da su ke zubarwa shi ne daidai buƙatarka. Masu yin kabad ɗin kicin da aljihun tebur masu inganci, masu haɗa akwatunan lasifika, masu yanka katako da na'urar kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa, masu yin kayan wasan yara na katako, duk suna tara ragowa. Ka je da samfurin zanenka a aljihu don su ga ƙanƙantar abin da kake nema. Shagunan kayan aikin hannu da masu sayarwa ta intanet su ma suna yanka shi ƙanana.

Idan ta intanet ne, tambayoyi uku za ka yi kafin ka biya: falle nawa ne, shin birch ne har ciki, kuma wane gam ne. Ka nemi hoton gefe na kusa. Mai kaya mai kyau ba ya ƙin nuna gefe.

An ce yanzu ɗan Baltik ya yi wuya kuma jabu ya yi yawa. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Rasha ce ke fitar da kaso mai yawa na wannan filaiwud, kuma bayan ta mamaye Yukiren, Tarayyar Turai ta haramta shigo da katakon Rasha a watan Afrilun 2022. Kasuwa ta matse, masu saye suka koma neman na Finlan da Latbiya, wanda bai ishi kowa ba. A irin wannan yanayin ne allunan da fuskarsu kaɗai ce birch, cikinsu kuwa itacen fofla mai laushi ko turare, suka ƙara yawa da sunaye masu kama da na asali.

Gane su ba wuya. Ƙirga fallayen. Dubi kaurin na waje: a na asali daidai yake da na ciki, a na jabu kamar takarda. Danna farce a fallen tsakiya, idan ya shiga cikin sauƙi fofla ne. Sannan ka auna nauyi: guntun santimita 30 da 30 mai kaurin milimita 18 na birch zalla yana kai kilo 1.1, na fofla kuwa bai cika wuce gram 800 ba. Hannu ma yana jin wannan bambancin.

Ba wai duk abin da ba ɗan Baltik ba ne ya zama shara. Filaiwud na itacen turare zalla, ko na maful, ko na wani itace mai tauri, idan fallayensa sirara ne masu yawa, layukansa a miƙe, babu giɓi, yana aiki. Sunan ba shi ke riƙe roba ba.

Tsohon filaiwud fa, wanda aka ciro daga kayan ɗaki ko wurin gini?

Ya danganta da inda ya yi rayuwarsa. Gefen aljihun tebur, mazaunin kujera, ko shantar da ta zauna a busasshen ɗaki, sau da yawa sun fi sabon na kasuwa kyau. Yanke santimita biyu daga gefe ka ga sabon yanka. Idan ka ga baƙin tabo na ruwa, ko fuska ta yi tudu-tudu, ko gari yana zubowa daga ƴan ƙananan huda, ko yana warin ruma, ka bar shi. Ƙwanƙwasa shi da bayan cokali: wurin da gam ya saki yana amsawa da ƙarar kogo.

Allon tsere mai taya, wanda matasa ke hawa a kan siminti, abin nema ne. Yawanci falle 7 ne na itacen maful mai tauri, wasu da fallaye masu launi da ke fitowa da kyau in an goge. Sai dai bai cika wuce santimita ɗaya ba, kuma a lanƙwashe yake, don haka ana ɗaukar tsakiyarsa a haɗa biyu, a guji ramukan kusoshi da wuraren da ya sha duka.

Baƙin filaiwud mai santsi da ake zuba kankare a kansa iri-iri ne. Na Finlan cikinsa birch ne mai kyau da gam na fenol. Na araha kuwa cikinsa tarkace ne da aka harhaɗa. Wanda aka riga aka yi aiki da shi ya sha ruwa, siminti, mai da ƙusa, ba shi da sauran amana. Wanda kuma ya yi kore-kore saboda maganin gara, a nisance shi: tsofaffin irinsa suna ɗauke da sinadarin arsenik, kuma gwafa abu ce da ake gogewa da sanfefa sannan a riƙe a hannu mai gumi.

Ta wace fuska zan ɗora zanen a kan allon? Ai an ce filaiwud ko ta ina ƙarfinsa ɗaya.

Ba ɗaya ba ne. A mai falle 13, bakwai suna bin jijiyar fuska, shida suna gittawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne idan ka ja roba, ƙahonnin suna neman lanƙwasowa wajenka, kuma a duk abin da ake lanƙwasawa fallayen waje ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, na tsakiya kusan hutawa suke yi. Don haka jijiyar fuska ta tashi daga gindin mariƙi zuwa saman ƙahonni.

Wannan dalilin ne ya sa ake hana wuce gona da iri wajen zagaye gefe. Duk fallen waje da magagari ya cinye a gindin ƙaho, ƙarfi ne ya tafi. Mariƙi ka sassaƙa shi yadda ranka ke so, amma daga hammata zuwa saman ƙaho ka sassauta kaifin gefe kawai. Hammatar kanta a yi ta zagayayya, kada ta zama kusurwa mai tsini, domin daga tsini tsaga ke farawa. Hanya mai sauƙi ita ce a fara huda wurin da babban bakin huda, sannan zarto ya zo ya tarar da ramin. Ƙahonni kuma gajeru sun fi: dogon ƙaho yana ƙara wa gindinsa nauyi, yana kuma gajiyar da wuyan hannu.

Ban samu mai milimita 18 ba. Zan iya liƙa biyu masu milimita 9?

Za ka iya, kuma idan an yi daidai babu abin da ya rage. Goge fuskokin biyu sama-sama, share ƙura, shafa gam ɗin kafinta ya game ko'ina, jijiyar duka biyun ta kalli tsawo, ka matse sosai har gam ya ɗan tsatso ta kowane gefe, ka bar shi kwana ɗaya cur. Gam ɗin kafinta mai suna Titebond III ko gam mai haɗi biyu na efoksi sun fi jure laima. Gam mai danƙo da ake liƙa fata ko fomaika da shi bai dace ba, domin ba ya taurara. A liƙa tukuna sannan a yanka siffar.

Da haka ne ake yin gwafa mai ado ma: filaiwud a tsakiya yana ɗaukar nauyi, siraran katako masu kyau a gaba da baya. Wasu na amfani da siririn filaiwud na jirgin sama, irin wanda ake samu daga ƙasa da milimita ɗaya zuwa sama. Ba abin rainawa ba ne, jirgin yaƙin nan na Birtaniya, Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, da filaiwud na birch da itacen balsa aka gina jikinsa.

Na gama yankawa. Yaya zan tabbatar ba za ta karye ba?

Gwada ta kafin fuskarka ta gwada. Matse mariƙin a jikin teburin aiki, ɗaura igiya mai ƙarfi a saman ƙahonnin inda roba za ta zauna, ka ja ta ɓangaren da za a riƙa jan robar, kana tsaye a gefe, da tabarau na kariya a idonka. Robar harbin saiti yawanci nauyin janta kilo 4 zuwa 8 ne. Gwafa mai lafiya ta ɗauki ninki uku ko huɗu na wannan ba tare da ƙara ko motsi ba. Ka gwada kowane ƙaho shi kaɗai ma. Idan ka ji ƙas, ko ka ga layi ya buɗe, ba gyara ake yi ba, sabuwa ake yankawa.

Idan rami ya bayyana a gefe bayan yanka, dubi inda yake. A mariƙi, cike shi da efoksi ka ci gaba. A ƙaho ko hammata, jefar. Abin da ido ya gani bakin ramin ne kawai.

Ƙwallo ya bugi ƙahon gwafata ya bar lotsawa. Zan ci gaba da amfani da ita?

Wannan shi ne abin da ya fi kashe gwafa, ba jan roba ba. Ƙwayar boris mai milimita 9.5 nauyinta kusan gram 3.5 ne, kuma tana barin fata da gudun da ya kai mita 60 zuwa 70 a daƙiƙa. Idan ta sauka a wuri ɗaya ɗan ƙarami, tana iya raba fallaye a ciki alhali waje lotsawa kawai ake gani. Karyewar takan zo daga baya, a wani jan da babu wanda ya yi tsammani.

Cire robar, ka duba gefen a haske mai kyau, ka maimaita gwajin igiya. Lotsawa marar zurfi a saman ƙaho, wadda ba ta buɗe layi ba, a goge ta sumul a ci gaba. Bugu a gindin ƙaho kuwa, ko wanda ya fasa falle biyu ko uku, ritaya ce. Sabon shiga ya bar tazarar santimita 5 zuwa 6 tsakanin ƙahonni, ya fara da dunƙulen yumɓu busasshe kafin ƙarfe. A kuma huda gindin mariƙi a sa igiyar da za ta zagaye wuyan hannu, domin gwafar da ta suɓuce daga hannu ita ma fuska take nufa.

Da me zan shafe ta?

Gefen filaiwud rabinsa bakin jijiya ne, yana shan ruwa da sauri, don haka ba a barin sa tsirara. Goge da sanfefa lamba 80, sai 120, sai 220, saman ƙahonni har 400, saboda ko ɗan kaifi yana yanka roba. Man linsid dafaffe ko man tung suna shiga ciki su fito da layukan. Banish na foliyuretan ya fi tare ruwa amma yana iya santsi a hannu mai gumi.

A bar shafin ya bushe sarai kafin a ɗaura roba, domin mai yana lalata roba. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara: yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a waje ko a tsoma shi a ruwa.

Ƙurar filaiwud tana da illa?

Tana da ita. Ban da garin itacen, akwai gam mai sinadarin fomaldehaid a cikinta. A sa takunkumi, a yi aikin a inda iska ke wucewa, kuma kada a ƙona ragowar a wurin da ake shaƙar hayaƙin. Alamar E1 ko CARB 2 a jikin allo tana nufin abin da yake fitarwa na wannan sinadarin kaɗan ne.

Akwai wata doka da ta shafi wannan?

Ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga jiha zuwa jiha. A Jamus, misali, an haramta danƙo mai madogarar da ke kwanciya a kan hannu, haka ma a jihar New York ta Amurka, alhali gwafar da ake riƙewa kawai ba ta shiga wannan haramcin ba. Ka binciki ta inda kake kafin ka ƙara wa zanenka madogara, kafin kuma ka fita da ita waje ko ka aika wa wani. Idan yaro za a yi wa, katakon dai shi ne mai falle 13 ɗin nan, robar ce ake ragewa, da tabarau a idonsa da babba a kusa, a kuma rataye tsohon bargo a bayan abin da ake saiti don ya tare ƙwallon kada ya dawo.